Ranar da Motata Ta Zauna a Bakin Kududdufin Darmanawa

Daga Gyaɗi-Gyaɗi har ka dangana da Unguwa Uku, ba a taɓa yin mota mai zuciyar tawa ba. Haka nake faɗa a lokacin, kuma ba a ɓoye ba. A bakin shagona na kayan gini nake faɗa, a gaban 'yan majalisarmu, wata rana ma har da dukan benci. Tsohuwar jif ce ruwan toka, na saye ta a gwanjon motocin wata ma'aikata. Tsayinta sai ka yi bismilla sau biyu kafin ka hau, tayoyinta kuwa kamar an aro daga tarakta. Nakan ce in na ga dama zan keta Sahara da ita in sha shayi a Agadas in dawo a yi la'asar da ni. In aka matsa min da musu sai in ƙara da cewa dutsen Dala ma don dai ana jin nauyin mutanen unguwar ne, da tuni na yi fakin a kansa.

Abin da na fi ji da shi a jikinta wani ɗan guntun sandan giya ne da ke gefen babban. Ita ce giyar taimako. Kowace mota tayoyi biyu ne ke tura ta, amma mai irin wannan sanda, in ka ja shi, tayoyi huɗun ne za su kama ƙasa tare, na gaba na ja, na baya na turawa. Duk wanda na rage wa hanya sai ya sha wannan karatun, ko da limami ne yana sauri. In ja sandan, wata 'yar fitila koriya mai hoton tayoyi huɗu ta kama a gaban sitiyari, in ce masa ya duba da kyau, in mayar. Shekara biyu ina wannan nuni, ban taɓa jan sandan don buƙata ba, domin tafiyata ba ta wuce gida zuwa shago, shago zuwa masallacin Juma'a, duk a kan kwalta.

Aibinta ɗaya, shan mai. A ƙarshen mulkin soja, lokacin da mutum kan yini a layin gidan mai ya dawo da rabin galan, na kai ta wurin wani makanike a Unguwa Uku, mai aiki a gindin darbejiya. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce akwai wani ƙarfe da ke wahalar da injin a banza tunda a cikin gari nake yawo, har ya faɗi sunansa. Ni kuma a daidai lokacin na samu masu sauraro, ina tsakiyar ba su labarin Agadas. Ban ji sunan da kyau ba, kuma mai irin wannan mota ai ba ya tambayar makanike me ya ce. Sai na ce masa ya cire kawai, dama na daɗe ina zargin ƙarfen nan. Ya ciro wani abu mai tsawon hannu da ɗoriya, mai kai kamar gwiwar raƙumi, ya jefa min a bayan mota. Uwargidana tana da wata tunkiya mai taurin kai da ta tumɓuke turakun icce har uku. Na ɗauko ƙarfen na kafa a tsakar gida da guduma, aka ɗaure ta. Ba ta sake ko girgiza shi ba. Wannan ma na sa shi a cikin labaran majalisa: motar da guntun jikinta ya ladabtar da tunkiya.

To, daminar shekarar da soja suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su gama saɓulewa daga bangaye ba, aka wayi gari da ruwa tun asuba bai ɗauke ba sai hantsi. Ina buɗe shago ke nan sai ga ƙanin uwargidana, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Shi mutum ne da ba ya ganina bai tsokane ni ba, amma ran nan ko murmushi babu. Ya ce Hajiya, mahaifiyarsu, ta zame a bakin rijiya, ƙafarta ta karye ƙasa da gwiwa. Gidanta yana can ƙarshen Darmanawa, cikin sababbin gine-gine, bayan wani babban kududdufi, inda kwalta ba ta kai ba. Tasi uku ya tare, kowanne ya ji sunan wurin sai ya ja motarsa. Ya ce maƙwabta sun kawo shawarar a ɗora ta a amalanken wani mai dakon bulo a turo ta bakin titi, mutumin ma ya zo ya shimfiɗa tabarma, shi dai ya biyo ne a kan hanyarsa ta zuwa sanar da yayarsa.

Na ce ina raye, ina da wannan mota, a ɗora surukata a amalanke kamar buhun siminti? Na ce ya shiga mu tafi.

Ya kamata in faɗi yadda muke da Hajiya. Shekara goma sha takwas ina auren 'yarta ta fari, ban taɓa jin maganarta ta wuce amsa gaisuwa ba. In na je, in cire takalmi tun daga zaure, in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa daga bayan labule, ta rufe da "Allah ya yi albarka." Shi ke nan. Ni da bakina ba ya hutawa, a gabanta kurma nake zama. Ba ta taɓa kallon fuskata ba, ba ta kuma taɓa shiga motata ba. A raina na ce yau ce ranar da za ta san wanda 'yarta ta aura.

A majalisarmu akwai wani dattijo da muke kira Baba direba, ya yi shekaru yana jan babbar mota kafin idonsa ya raunana. Ba ya musu da ni, ba ya kuma gaskata ni, sai dai ya yi ta cin goronsa. Shi ya miƙe ya ce zai bi mu, ɗaukar mai karaya yana son hannuwa. Muka biya gida muka ɗauki uwargida, muka nufi Darmanawa.

Shiga ba ta yi wuya ba. Mun bi doguwar hanya ta wajen masu buga bulo, inda ƙasar ke da tauri saboda ɓaraguzan da ake zubarwa, sai dai ramuka kamar an yi yaƙi. Motar ta yi ta rangaji, sau biyu bayanta ya karkace ya dawo. Baba direba ya karkata kai yana saurare, ya ce bayanta na wasa. Na ce ai ban ma ja sandan ba tukuna, wannan gaisuwa ce take yi wa unguwa.

Mun samu Hajiya kwance a tsakar gida, an ɗaure ƙafar tsakanin katako biyu da yagaggen zane. Ba ta kuka, ba ta nishi. Gumi kawai ke karyo mata, ta ciji bakin mayafinta, leɓɓanta na motsi. Muka naɗe kujerun baya, muka shimfiɗa katifa, mu huɗu muka ɗaga ta a hankali muka kwantar. Uwargida ta zauna a gefenta ta riƙe ƙafar. Da na ga yadda fuskar tsohuwar ke canzawa ko da an ɗan motsa katifar, sai na tuna ramukan da muka biyo, na ce ba za ta iya da su ba.

Ga kuma wata hanya a gabanmu, miƙaƙƙiya, ta bi gefen kududdufin ta ɓulla kwalta, tafiyar da ba ta fi taku ɗari uku ba. An zuba mata sabuwar jar ƙasa, ta kwanta sumul kamar an daɓe. Wani ɗan siyasa ne da ya ci zaɓe ya turo tifa ta zuba, wai tukuicin ƙuri'a, ga hotonsa nan a bango yana murmushi a kan aikinsa.

Mai amalanken yana tsaye a ƙofar gida, tabarmarsa na nan a shimfiɗe a kan amalanken. Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, daga ganin hannuwansa ka san bulo ya cinye su. Ya matso ya gaishe ni, ya ce ƙasar nan shekaranjiya aka zuba ta, ba a danne ba, kuma ƙarƙashinta kwata ce da ke kai ruwan unguwa cikin kududdufi. Ya ce shi kansa ba ya bin nan, wani lungu yake bi wanda mota ba ta shiga. Baba direba ya ce in sauka in taka hanyar da ƙafa, da sanda a hannu, kafin in sa taya, haka ake yi. Na ce wannan dokar manyan motoci ce masu tayoyin ja biyu. Na kama guntun sandan nan na ja shi har ƙarshe. Koriyar fitila ta kama. Na juya baya ba tare da na ɗaga ido ba na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, minti biyu ne."

Taku ashirin na farko, wallahi ko a kan gado albarka. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin. Sai na ji gaban motar ya ɗan duƙa, kamar mai shirin ruku'u. Na ƙara totur. Injin ya yi ruri, tayoyin baya suka shiga juyi a wuri ɗaya, jan taɓo na tashi sama yana sauka a bangayen mutane, ya shafe ɗan siyasar nan daga hula har gemu. Ba mu matsa gaba ko taku ɗaya ba. Na murɗa sitiyari dama, na murɗa hagu, na ji shi sakayau a hannuna, ba abin da yake riƙe da shi. Abin da ya fara tsinka min zuciya shi ne motar tana tafiya, amma ba gaba ba. Bayanta ne ke zamewa a hankali zuwa hagu, wajen ruwa. Duk takun totur ɗaya, sai ta matsa kamu ɗaya.

Na sa ribas. Nan ne ƙasar ta buɗe. Tayar baya ta hagu ta nutse gaba ɗaya, cikin motar ya zauna daɓas a kan taɓo, duka jif ɗin ta karkace. Katifar ta zame, ƙafar Hajiya ta bugi jikin ƙofa.

Shekara goma sha takwas ban san yadda muryarta take in ta ɗaga ba. Ran nan na ji. Ba ma kalma ba ce, wani sauti ne ya fito mata sau ɗaya ya katse. Na duba madubin gefe, ban ga hanya ba, koren ruwa na gani da ledoji na yawo a kai. Salansa ta shiga ruwa tana ɓulɓul. Ƙafata kuma ta ƙi barin totur, kamar ba tawa ba. Ƙanin matata da ke biye da mu a ƙasa yana dukan gilashi yana cewa tayoyin gaba ko motsi ba sa yi. Ni kuwa ina nuna masa fitila, ina cewa ga ta nan a kunne, ga ta nan a kunne.

Baba direba ya miƙo hannu ya murɗe makulli. Ya ce, "Cire ƙafarka, Alhaji. Kada kowa ya motsa."

Injin ya mutu, sai ƙaurin kuloci da kukan kwaɗi. Motar ta ƙara nisawa ta zauna, ta tsaya. Tsakanin tayar baya da inda gaɓar ta yanke zuwa zurfi bai kai tsawon tabarma ba. Na yi niyyar in yi magana, in ce wani abu ko na ba da haƙuri, na tarar bakina ya bushe ƙaf. Ni, wanda aka taɓa roƙo a gidan makoki in rage hira.

Ban san lokacin da mai amalanken ya tara mutane ba. Ko kallona bai yi ba. Aka ciro ƙyauren wani kango, aka kwaso katakan magina aka shimfiɗa a kan taɓon. Ƙofar baya tana kan ruwa, ba halin buɗe ta, sai ta ƙofar gefe da ta ɗaga sama. Maza shida suka shiga taɓo har cinya, aka zaro Hajiya da katifarta, hannu na miƙa wa hannu, har aka dire ta a kan amalanken da na ce ba za ta hau ba ina raye. Ina raye kuwa, ina tsaye da ƙafa ɗaya ba takalmi, taɓo ya haɗiye ɗayan.

Abin da na gani daga nan bai bar kaina ba. Mutumin nan ya durƙusa ya ɗan sace iskar tayoyin amalankensa, ya ce don kada ta riƙa tsalle. Ya kama hannayen ya shiga lungunsa. Ya san kowane dutse da kowane rami a wurin. In ya zo kwata sai ya tsaya cak, ya karkata, ya tsallakar da taya ɗaya, sannan ɗayar. In ya zo gangara sai ya juya ya riƙa ja da baya, nauyin na kan ƙirjinsa. Inda taɓo ya yi laushi ya bi ta kan ciyawa, inda ruwa ke gudu ya bi ta inda yashi ya taru. Ko sau ɗaya katifar ba ta girgiza ba. Uwargida na gefe tana riƙe da lema, ni ina can baya ɗauke da silifas ɗin Hajiya da butarta, aikin da aka ga zan iya ke nan. A bakin kwalta tasin farko da aka tare ya tsaya. Suka wuce asibiti, aka ce in koma in ji da motata.

Na tarar da Baba direba kwance a kan katako, farar rigarsa ta koma ja, kansa a ƙarƙashin gaban motar. Ya daɗe a wurin. Da ya fito ya zauna ya goge hannu, ya dube ni yadda likita ke duban wanda ya sha maganin da ba nasa ba.

"Alhaji, ina farfelar gaba?"

Na ce wace ce haka. Ya ce ƙarfen da ke ɗauko ƙarfin inji daga giya ya kai wa tayoyin gaba. In babu shi, ko ka ja sandan ya karye, tayoyin gaba 'yan rakiya ne. Fitilar kuwa ba ruwanta, sanda kawai take gani ya motsa ta kama. Ya ce babu komai a wurin sai ramukan ƙusoshi huɗu da tsatsa, har gizo-gizo ya yi gida ya tashi. Na tambaye shi, da wata murya da ban san ina da ita ba, yaya kamannin ƙarfen yake. Ya gwada tsawon hannu da ɗoriya. Ya dunƙule hannu ya ce kansa kamar gwiwa.

Sai da na nemi wuri na zauna a cikin taɓon. Na ce masa yana gida, an adana. Ya ce to madalla da aka adana. Bai kuma taɓa ɗaga maganar a majalisa ba, Allah ya jiƙansa.

Da la'asar aka samu tifa ta fizgo motar da sarƙa, bambar gaba ta biyo sarƙar kafin motar ta biyo. Washegari da safe uwargida ta dawo daga asibiti ɗaukar abinci, ta same ni a tsakar gida da diga ina haƙa, tunkiya na yawo tana cin shanyar kuɓewa. Ta tsaya ta dubi ramin, ta dubi ƙarfen, ta dubi motar da ke ƙofar gida ba bamba. Ta ce likita ya ce ƙashin ya goce daga inda ya fara karyewa, sai an yi aiki an sa ƙarfe, ya kuma tambaya ko ta sake buguwa bayan faɗuwar. Na ce me kuka ce masa. Ta ce Hajiya ce ta riga kowa, ta ce a'a.

Wannan a'a ɗin ta fi min zagi ciwo. Hajiya ta yi makonni a kwance, kuma har ta koma ga Allah da sanda take tafiya. Mutane sun ce tsufa ne, ni na san ba tsufa kaɗai ba ne. Kullum sai na je asibitin da 'ya'yan itace, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, ta amsa fuskarta na kallon bango, in tashi. A tsakanin nan na mayar da ƙarfen wurin makaniken, ya ce ai ya gaya min sunansa ranar, ni na ce na sani. Aka wanke ƙasa da kashin tunkiya da suka manne masa, aka ɗaura. Na kai motar wani fili a bayan unguwar Babban Giji na gwada ta a taɓo, da Baba direba a tsaye yana kallon tayoyin. Ta fita fes, huɗun na juyawa. Kwana biyu kawai, bakina ya fara dawowa.

Ana gobe za a sallame ta na je, ɗakin cike da 'ya'ya da jikoki. Na durƙusa, na gaishe ta, ta amsa. Maimakon in tashi kamar kullum, sai na gyara murya na ce an gyara mota, yanzu kam tayoyi huɗun na aiki da gaske, an gwada a gaban shaida, gobe in Allah ya kai mu ni zan zo in mayar da Hajiya har ƙofar ɗakinta. Ƙanin matata ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Uwargida ta shiga gyaran kwanukan da ba su buƙatar gyara.

Hajiya ta juyo daga bango. Karo na farko tunda na auri 'yarta ta dube ni ido cikin ido, ta ɗan jima tana kallo, sannan ta yi min magana mafi tsawo da ta taɓa yi min.

"Allah ya yi albarka, Alhaji. Ka mayar wa tunkiya abinta. Ni a turo min mai amalanke."